Daga Fadar Sarakuna Zuwa Gidan Riƙo: Waiwaye Kan Ceton Karnukan Pug

A shekarar 1973 wasu mutane a Birtaniya suka kafa wata 'yar ƙungiya wadda aikinta ɗaya ne tak, wato nema wa karen da ake kira pug gida idan ya rasa inda zai sa kansa. Sunanta Pug Dog Welfare and Rescue Association, ana taƙaita shi da PDWRA, kuma har yau tana nan tana aiki, sai ma abin da ya ƙaru. Duk wanda ya san inda wannan kare ya fito zai yi mamakin yadda aka yi har ya kai ga neman mai ceto, domin shekaru ɗaruruwa ya yi yana kwana a kan shimfiɗun sarakuna.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, pug ɗan guntun kare ne mai kauri, nauyinsa bai kamata ya wuce kilo 8 ba. Yawanci launinsa ƙasa-ƙasa ne da baƙar fuska, wani kuma baƙi wuluk. Kansa a mulmule yake, idanunsa manya sun firfito waje, goshinsa duk ninkin fata, wutsiyarsa a nannaɗe bisa bayansa, hancinsa kuwa ya shige cikin fuska har da kyar ake ganin tudunsa. Ba ya gadi, ba ya farauta, ba ya bin garke. Tun farko ba a ƙera shi don komai ba sai zaman hira da ɗan Adam, kuma a nan ya ƙware: yana da fara'a, yana haƙuri da yara, inda mai shi ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Wannan halin ne ya sa aka so shi, fuskar nan kuma ita ta jawo masa wahalar da muke shirin bin sawunta.

Asalinsa ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ana kiwon ƙananan karnuka masu gajeren hanci a fadojin sarakuna. A ƙarni na 16 fataken jiragen ruwa suka kawo shi Turai, ya fara kafuwa a Holan. Mutanen Holan suna ba da labarin Yarima William na gidan Orange, wanda ya jagoranci tawayensu a kan mulkin Sifaniya, cewa a wani dare na shekarar 1572 sojojin Sifaniya suka yi wa sansaninsa kwanton ɓauna kusa da garin Mons, sai ɗan karensa Pompey ya yi ta haushi yana tono shi har ya farka ya tsira. Wanda ya je kabarinsa a birnin Delft zai ga an sassaƙa kare kwance a gindin ƙafafunsa. Tattaɓa-kunnensa, William na Uku, shi ya ƙetara Ingila a 1688 ya hau gadon sarauta tare da matarsa Mary, suka tafi da karnukansu, daga nan pug ya shiga gidajen manyan Ingila. A Faransa ma ana cewa lokacin da aka tsare Josephine a kurkuku a 1794, tun kafin ta auri Napoleon, karenta Fortuné ne yake shigar mata da 'yan wasiƙu a ɓoye ƙarƙashin abin wuyansa.

Sai dai akwai wani abu da ya fi waɗannan labarai muhimmanci, kuma yana nan a rataye a gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan. A 1745 mai zane William Hogarth ya zana kansa tare da karensa mai suna Trump. Hoton Hogarth yana cikin wani zagayayyen allo da aka ɗora bisa littattafai, karen kuma yana zaune a gaba ta gefen dama. Idan ka ƙura masa ido za ka ga dogayen ƙafafu, da ƙirji madaidaici, da idanu zaune daram cikin gurbinsu, uwa uba kuma ga hanci nan ya fito sosai, da baki mai tsawon da zai iya ɗaukar ƙashi. Wannan shi ne pug na wancan zamani. Da za a kai shi wurin gasar karnuka a yau, alƙalai ba za su yarda irinsa ba ne. Amma kare ne da zai iya gudu ya yi haki ya huce, ya kwanta ya yi barcinsa lafiya lau.

Canjin ya soma ne a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ita kanta ta tara su ta kuma kiwata. A 1860 sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin a Beijing, kuma a shekarun da suka biyo baya aka riƙa shigo da sababbin karnuka daga can, masu gajerun ƙafafu da hanci a danne fiye da na Turai. Wannan ya zo daidai da ɓullar wata sabuwar al'ada. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle, a 1873 aka kafa Kennel Club mai rajistar jinsunan karnuka, a 1885 takwararta ta Amurka ta shigar da pug cikin kundinta. Kowane jinsi aka rubuta masa siffar da ake so ya kasance, kuma da ita alƙalai suke yanke hukunci. Siffar pug ta nemi kai babba zagayayye, da gajeren baki, da ninkin fata, da wutsiya mai naɗi biyu a matsayin ƙololuwar kyau. Karen da ya ci gasa shi kowa yake so ya yi barbara da karyarsa. Da haka, haihuwa bayan haihuwa, hancin ya yi ta komawa ciki. Babu wanda ya zauna ya ƙudurta cutar da dabba, amma sakamakon bai tsaya tambayar niyya ba.

A ita wannan shekara ta 1860 da aka wawashe fadar Beijing, a wata unguwa da ake kira Holloway a arewacin Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta sami wani tsohon barga ta fara tara karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar. Ba ita ta fara maganar haƙƙin dabba a ƙasar ba. Tun 1822 majalisa ta yi dokar hana azabtar da dabbobin gida irin su shanu da dawaki, a 1824 aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi da daga baya ta zama RSPCA. Amma gida na musamman don kare, wannan baƙon abu ne, kuma jaridun lokacin sun yi mata ba'a, suna cewa ina hankali a ciyar da kare alhali ga 'yan Adam nan suna kwana a titi. Na san akwai mai karatun da wannan tambaya take ransa yanzu haka, kuma tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba. Amsata ita ce tausayi ba ya ƙarewa don an raba shi, kuma mu da aka tarbiyyantar da labarin wanda ya sami gafara saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba mu ne za a koya wa cewa dabba tana da haƙƙi ba. Mujallar da marubuci Charles Dickens yake bugawa ta goyi bayan gidan a 1862, a 1871 aka mayar da shi Battersea, inda yake har gobe. A 1891 aka kafa wata ƙungiyar, wadda yanzu ake kira Dogs Trust.

Waɗannan gidaje na kowane kare ne, kuma shekaru da yawa pug bai cika leƙa su ba. Kare ne na masu hali, adadinsa kaɗan, masu kiwonsa sun san juna. Ko da aka kafa PDWRA, irin matsalar da ƙungiyoyin ceton jinsi ɗaya suka saba gani ba ta wuce ta rayuwar yau da kullum ba: tsohuwa ta rasu ta bar karenta, dattijo ya koma gidan kula da tsofaffi inda ba a yarda da dabba ba, aure ya mutu an rasa mai ɗauka. Waya ɗaya ko biyu, sai a sami wanda zai karɓa.

Abin da ya dagula lissafi shi ne yayi. A 1997 fim ɗin Men in Black ya fito da wani pug mai magana ana ce masa Frank, duniya ta yi ta dariya. A 2003 wani kamfanin wayar salula a Indiya mai suna Hutch ya yi talla da wani ɗan yaro da pug yana bin sa duk inda ya nufa. Tallan ya karɓu ƙwarai, farashin karen ya tashi, mutane suka yi ta saye a ƙasar da zafinta ba ya yi wa mai cikakken hanci ma da sauƙi. Sai ga intanet, sai ga Facebook da Instagram, inda wani mai suna Doug the Pug ya tara mabiya miliyoyi. Fuskar pug ta hau kan kofin shayi, da riga, da matashin kai, da katin gaisuwa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa babban kai da manyan idanu da ƙaramin hanci su ne siffofin jariri, kuma zuciya tana karkata gare su ba tare da shawara ba. A 2005 Kennel Club ta yi rajistar 'yan kwikwiyon pug kimanin 2,000. Shekaru goma bayan nan adadin ya haura 10,000 a shekara, ban da waɗanda ba a kai su rajista ba.

Masu kiwo na gaskiya ba za su iya cika wannan kasuwa ba, saboda haka wasu suka cika ta. Aka sami gonakin da ake tsare karyoyi a keji ana ɗirka musu ciki a kai a kai, ana raba su da 'ya'yansu tun ba su isa yaye ba. A 2012 Birtaniya ta sassauta ƙa'idojin shigowa da dabbobin gida daga Turai, 'yan fasa-ƙwauri suka sami ƙofa. Dogs Trust ta yi bincike ta nuna yadda ake loda 'yan kwikwiyo a bayan mota daga gabashin Turai da takardun bogi, a yi tafiyar kwana da kwanaki da su, a sayar ta intanet. Pug yana cikin jinsunan da aka fi kamawa. Mai saye yana ganin hoto ne kawai, ya biya, a haɗu a wurin ajiye motoci a miƙa masa.

Hausawa suna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan yawancin masu sayen ba su sani ba. Lokacin da aka gajarta ƙashin fuskar pug, naman da ke cikinta bai ragu ba. Harshe yana nan da girmansa, ganɗa ta yi tsawo ta zubo ta tare maƙogwaro, ƙofofin hanci sun tsuke sun koma 'yar tsaga. Shi kuwa kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jiki, don haka wanda hanyar iskarsa ta toshe rana kaɗan tana iya kashe shi. Minsharin nan da gurnanin da masu shi suke ɗauka a waya suna dariya, sautin kokawa da numfashi ne. Wani binciken kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College a 2012 ya gano cewa fiye da rabin masu karnukan da ke fama da wannan cuta ba su ma ɗauka karensu yana da matsala ba, gani suke haka irinsu suke. Idanun kuma, da yake gurbinsu ba shi da zurfi, suna yawan samun gyambo, wani bugu kaɗan ma yakan fito da ido waje. Ninkin fata yana tara danshi ya ruɓe. Naɗin wutsiyar da ake yabo yana tafiya da karkacewar ƙashin baya a wasu, har ƙafafun baya su mutu.

Alƙaluma sun tabbatar da abin da likitoci suke gani. A 2022 ita wannan kwaleji ta kwatanta bayanan asibiti na pug sama da 4,000 da na sauran karnuka sama da 20,000. Ta samu cewa yiwuwar pug ya kamu da ciwon toshewar numfashi ta ninka ta sauran kusan sau 54, gyambon ido kuma kusan sau 13, har masu binciken suka yanke cewa ta fuskar lafiya ba za a ƙara lissafa shi cikin karnuka na yau da kullum ba. Wani binciken na ita wannan shekara ta 2022 ya ƙiyasta tsawon ransa a Birtaniya bai kai shekara 8 ba, alhali ɗan ƙaramin karen nan Jack Russell yana haura 12. Tun 2010 ma'aikatar sufurin Amurka ta bayyana cewa cikin karnuka 122 da suka mutu a jiragen sama a shekaru biyar, kusan rabi masu gajeren hanci ne, shi ya sa kamfanonin jirage da dama suka daina ɗaukar su a ɗakin kaya.

To, a nan ne hanyoyin nan biyu da muka biyo suka haɗu, hanyar masu gajarta hanci da ta masu buɗe ƙofa ga wanda aka yasar. Mutum ya sayi ɗan kwikwiyo da tsada, bayan shekara biyu likita ya ce sai an yi tiyata, kuɗin ya haura fam dubu, wani lokaci ya ninka haka, inshora kuma ta ce ba ta biyan ciwon da aka riga aka sani. Wasu sukan ci bashi su biya. Wasu kuwa sai su ɗauki waya su kira ƙungiyar ceto, da yawansu suna kuka, domin ba duk mai rabuwa da karensa ne marar imani ba. Ga kuma karyoyin gonakin kiwo da ake watsarwa idan sun daina haihuwa. Gidan Battersea ya bayyana cewa a 2015 tiyatar buɗe hanyar numfashi 7 likitocinsa suka yi wa karnuka masu gajeren hanci, amma a 2018 sun yi 62.

Yadda aikin yake tafiya ya cancanci a tsaya a kansa. PDWRA ba ta tara karnukanta a keji, a gidajen 'yan sa-kai take ajiye su riƙo. Idan aka kira, sai a nemi mai mota ya ɗauko karen, wani lokaci mutum biyu ko uku ne za su yi karɓa-karɓa a hanya kafin ya isa. Mai riƙo shi ne zai fara gane ainihin halin da yake ciki. Da dare zai ga karen ya ƙi kwanciya, ya zauna ya ɗora haɓarsa a kan hannun kujera yana gyangyaɗi, ko ya cusa abin wasa a baki ya yi barci da shi don bakin ya zauna a buɗe iska ta samu hanya. Da safe zai sa auduga ya bi ninkin fuskar ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana busarwa, ya ɗiga maganin ido, ya auna abinci da ma'auni domin ƙiba tana ƙara shaƙe shi, pug kuwa ba ya ƙoshi. Ba a sa masa igiya a wuya, sai ɗamarar ƙirji. Ba a fita da shi sai da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana. Idan likita ya ce tiyata, za a yanke gefen ƙofofin hanci a faɗaɗa su, a rage tsawon ganɗa. Masu riƙo da dama suna faɗin irin abin da suke ji a daren da suka fara ganin karen ya miƙe a gefensa ya yi barci shiru.

Bayan ya warware sai a shiga neman gida na dindindin, kuma ba duk wanda ya miƙa hannu ake ba wa ba. Akwai takardar cikewa, akwai tambayoyi: awa nawa za a bar shi shi kaɗai, akwai yara, akwai wasu dabbobi, za a iya ɗaukar nauyin magani? Sai a turo wani ya duba gidan, ya ga shinge, ya ga matakala. A yi wa karen fiɗiya ko a cire wa karya mahaifa don kada a mayar da su jari. Mai ɗauka ya biya wani abu, ya sa hannu cewa duk ranar da ya gaza, ƙungiya zai mayar wa, ba zai sayar ba. Wasu suna ganin tsaurin ya yi yawa, har su yi fushi su tafi intanet su saya. Ni dai ina tare da masu tsaurin. Karen da aka riga aka yasar sau ɗaya bai kamata a yi gangancin da za a sake yasar da shi ba.

Kuɗin da mai ɗauka yake biya ba ya rufe ko kusa da abin da aka kashe, kuma kuɗin asibiti shi ne yake cinye mafi yawan asusun irin waɗannan ƙungiyoyi. A da, abin da aka dogara da shi bai wuce teburin sayar da tsofaffin kaya a wurin gasar karnuka ba, da gwangwanin jefa sulalla, da wasiyyar wani mai ƙauna da ya rasu. Intanet ta faɗaɗa wannan ƙwarai. A 1996 aka buɗe shafin Petfinder a Amurka, wanda ya sa mai neman kare a wani gari yake ganin wanda ke jiran gida a wani. JustGiving a Birtaniya da GoFundMe, wanda aka kafa a 2010, suka ba da damar a buɗe asusu don tiyatar kare guda, a sa hotonsa da takardar likita, a tara kuɗin cikin 'yan kwanaki. Magoya bayan PDWRA suna kaɗa gwanjo a Facebook da kayan da mutane suka bayar kyauta. Wasu suna shiga gudun fanfalaki ana ɗaukar nauyinsu, wasu suna buga kalanda, wasu sun sa banki yana cire musu wani abu duk wata. Gwamnatin Birtaniya ma tana da tsarin Gift Aid, wanda ke ba ƙungiyar agaji damar karɓo ƙarin kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. A Amurka kusan kowane yanki yana da tasa ƙungiyar, irin su Pug Nation Rescue a Los Angeles, kuma birnin Portland ya yi suna da wani jerin gwanon pug da ake kira Pug Crawl, wanda ake tara wa ƙungiyar Oregon Humane Society kuɗi da shi.

Akwai wani ƙulli a cikin wannan neman taimako da yake damuna, kuma na san yana damun masu aikin da yawa. Fuskar da ke sa mutum ya zaro kuɗi ya ba da gudummawa, ita ce dai take sa maƙwabcinsa ya je ya sayi ɗan kwikwiyo. Duk hoton pug da aka sa wa hula aka yaɗa don a tara kuɗin tiyata, talla ce kuma ga mai gonar kiwo, ba tare da ya biya ko sisi ba. Tarukan da ake yi wa karnukan ado a jera su cikin rana suna kawo kuɗi, amma dabbar da ke fama da numfashi ba ta bukatar riga. Ba na zargin masu ceto, domin karen da aka riga aka haifa dole a yi masa magani, kuma ba su suka haƙa ramin ba. Abin da nake ganin ya wajaba a kansu shi ne duk inda suka nuna fuskar, su nuna tsukakken hancin kusa da kusa, su sa a ji sautin numfashin, su faɗi abin da aka biya likita. Ƙungiyoyi da dama sun fara haka, kuma ya fi kowace lacca tasiri.

Ta ɓangaren gyara tushen matsalar, an ɗan motsa. A watan Agustan 2008 BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed wanda ya tona yadda kiwo don gasa yake nakasa karnuka. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa BBC ta daina nuna babbar gasar karnuka ta Crufts, Kennel Club kuma ta sake duba siffofin da ta rubuta. A 2016 aka wajabta dasa wa kowane kare 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata a Ingila da Scotland da Wales, aka kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa na likitoci da ƙungiyoyin agaji da masu kiwo kan karnuka masu gajeren hanci. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta roƙi kamfanoni su daina talla da su. Da Disney ta zo fitar da fim ɗin Patrick a 2018, wanda jaruminsa pug ne, an shawo kanta ta sa gargaɗi kan lafiyar jinsin ta kuma fasa sayar da kayan wasa masu siffarsa. A 2019 Kennel Club da Jami'ar Cambridge suka fito da gwajin numfashi mai daraja daga 0 zuwa 3, ana sauraron karen kafin da bayan ɗan gudu, wanda ya faɗa a 3 ba a so a yi kiwo da shi. Holan, ƙasar da ta fara karɓar pug a Turai, ita ta fi kowa nisa: daga 2019 ta fara aiki da ƙa'idar da ta hana kiwo da karen da tsawon bakinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙoƙon kansa ba. A Jamus wasu masu kiwo suna ƙoƙarin dawo da mai dogon hanci, irin wanda Hogarth ya zana. A Afrilun 2020 Ingila ta hana dillalai sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo ko a ɗauko daga gidan ceto.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Wannan doka ta zo daidai da kullen korona, lokacin da mutane suka zauna a gida kaɗaici ya ishe su, aka yi rububin sayen karnuka, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu gonakin kiwo suka ci kasuwa. Da aka koma aiki, tsadar rayuwa kuma ta kunno kai, sai aka fara mayar da su. A 2022 kaɗai Dogs Trust ta ce ta sami kira sama da 50,000 daga masu son rabuwa da karnukansu, adadin da ba ta taɓa gani ba. Gaskiya ne rajistar sababbin pug ta sauka daga ƙololuwar da ta kai, amma yayin bai mutu ba, komawa ya yi kan wani mai gajeren hancin, wato French Bulldog, wanda a 2018 ya zama kan gaba a rajistar Birtaniya. Waɗanda aka haifa a shekarun rububi kuma yanzu ne suke tsufa, yanzu ne ciwonsu yake tsananta, kuma tsohon kare mai ido ɗaya da kwalaben magani shi ne wanda ya fi daɗewa a gidan riƙo.

Yanzu ana kawo karnukan ƙasashen waje ana sayarwa a manyan biranenmu, hotunansu kuma suna shigowa wayar kowa. Ga duk wanda ransa ya biya, ina roƙonsa ya tuna cewa wannan dabba tana suma a zafin Landan, balle a Kano ko Yamai a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi yake haura 40, wuta kuma ba ta da tabbas, kuma babu wata PDWRA da za ta zo ta karɓe shi idan abin ya gagara. Kada ka saya. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Birtaniya ko Amurka kuwa, in har sai pug kuke so kuma kuna da halin jinyarsa, ku bar mai talla a intanet, ku nemi ƙungiyar ceto mafi kusa da ku, ku tambaye su wanda ya fi daɗewa yana jira.